Darasin Wata: Waina Mai Ciki da Sauran Naman Biki

Ga shugabannin ƙungiya: A karanta wannan darasi a taron wata, maza da mata tare. Mai karatu ya dakata a ƙarshen kowane kashi, ya ba mutane dama su yi tambaya. In da hali, matan zumunta su zo da tanda da ƙullu domin a gwada a gaban kowa.

Abubuwa uku za mu koya:

1. Yadda za a adana naman da ya rage bayan biki, kada ya lalace, kada kuma ya sa mu ciwo.
2. Yadda za a yi waina mai ciki, wadda ta haɗa zaƙi da gishiri wuri ɗaya.
3. Yadda nama kaɗan zai kai bakin kowane yaro a gida.

1. INA SAURAN NAMA YAKE ZUWA?

A yawancin gidajenmu na ƙasar Bichi, Ɓagwai, Tsanyawa, Kunci, Dambatta da Makoɗa, ba kullum ake cin nama ba. Ƙasa ta yi mana kaɗan. Gona tana manne da gona, babu dajin kiwo kamar na da. Akuya da tunkiya a ɗaure suke duk damina, ana yanko musu ciyawa, da rani kuma a ba su harawar wake da ta gyaɗa. Takinsu ne muke kai wa gona. Saboda haka manomi ba ya yanka dabbarsa sai da babban dalili, kamar Kirsimeti, ko Ista, ko bikin aure, ko suna, ko godiyar kaka. Da Babbar Salla kuma maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana da naman layya.

To, a irin waɗannan ranaku nama yakan yi yawa lokaci ɗaya. A nan ne asara iri biyu take shigowa.

Asara ta fari ita ce lalacewa. An dafa nama, an ci, an bar saura a tukunya. Kashegari an ɗumama sama-sama, jibi ya soma wari. Ko dai a zubar wa kare, ko kuwa a ci don tsoron asara, sa'an nan gida ya kwana da ciwon ciki. Akuyar da aka yi shekara ana yi mata ciyawa, ga inda rabinta ya ƙare.

Asara ta biyu ba a cika ganinta ba. Manyan yanka sukan tafi kwanon baƙi da na maigida. Yara ƙanana sai romo da ƙashi. Alhali kuwa yaro mai girma, da mace mai ciki, da mai shayarwa, su ne jikinsu ya fi bukatar nama. Nama yana gina jiki, yana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, irin wanda jiki yake karɓa da sauƙi fiye da na hatsi. Har ma in aka haɗa nama kaɗan da wake ko hatsi, yakan taimaki jiki ya karɓi ƙarfen da yake cikinsu.

Maganin asarar nan biyu yana cikin ɗakin girkinmu. Kasko ne da turmi da tanda.

2. YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

Ba mu kaɗai ne muke da sauran naman biki ba. A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba ita ce ranar godiyarsu. Gidaje sukan gasa babban talotalo, ba kuwa a iya cinye shi rana ɗaya. Kashegari sai a yayyanka abin da ya rage, a sa shi tsakanin yankan burodi biyu. Wannan haɗi shi Turawa suke kira sanwic. Sunan ya samo asali daga wani basarake na Ingila, John Montagu, mai riƙe da sarautar Sandwich, wanda ya rasu a 1792.

Waɗansu kuma maimakon burodi sukan yi amfani da wani toye-toye da ake kira wafal. Mutanen Beljiyam da Holan da Faransa sun daɗe suna yin sa. Ƙullun fulawa ne da ƙwai da madara da sukari kaɗan. Akan zuba shi tsakanin ƙarfe biyu masu zafi, masu zane kamar saƙar zuma, a rufe har ya gasu. In ya fito, duk jikinsa ramuka ne. A 1869 wani Ba'amurke mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar irin ƙarfen da ake ɗorawa a kan murhu. A babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin New York a 1964 kuma, wafal irin na Beljiyam ya yi suna a Amurka. A can akan ci shi da soyayyiyar kaza, a kwarara masa wani ruwa mai zaƙi kamar zuma. Watau zaƙi da gishiri a loma ɗaya.

Shin sai mun sayi wannan ƙarfe da fulawa kafin mu yi irin nasu? A'a. Abin da wafal yake yi musu, waina tana yi mana tun kaka da kakanni. Ita ma ƙullu ne mai tashi. Ita ma tana da ɗan zaƙi. Bayanta yana da ƙarfi, cikinta kuwa laushi ne da ƙananan ramuka masu shan romo. Mun saba cin ta da miyar taushe, ko da ƙuli-ƙuli da yaji, ko da zuma, ko da tsire. Tanda kuma maginan tukwane na ƙasarmu ne suke gina ta, ba ta bukatar lantarki. Abin da za mu ara kaɗai shi ne dabarar sa nama a ciki, domin a auna shi daidai, kowa ya samu.

3. ME YA SA NAMA YAKE LALACEWA?

Kafin mu ɗora tanda, tilas mu gane wannan kashi. Shi ne mafi muhimmanci a darasin.

Akwai ƙananan ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Suna hannunmu, suna jikin wuƙa, suna ƙafar ƙuda, suna cikin ƙura. Abu uku suke so: abinci, da laima, da ɗumi. Dafaffen nama da aka bari a tukunya yana da dukan ukun.

Ƙwayoyin nan sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi. Ɗakunanmu kullum a cikin wannan tsakani suke, ko da hunturu. Da bazara kuwa, wajen watan Afrilu, zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. In sun sami yadda suke so, waɗansu irin ƙwayoyin sukan rabu biyu kowane minti 20. Mu yi lissafi tare. Ƙwaya 1 za ta zama 8 cikin awa 1. Cikin awa 2 ta zama 64. Cikin awa 7 ta wuce miliyan 2. Daga cin abincin dare zuwa wayewar gari ya fi awa 7.

Abin ba wasa ba ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ne suke yin ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. Daga cikin masu mutuwar, 125,000 yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A sashenmu na Afirka kaɗai, masu ciwon sun wuce miliyan 91, masu mutuwa kuwa 137,000.

Hukumar ta ba da shawara cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye cikin ɗumin ɗaki, a kuma dafa nama har zafin cikinsa ya kai digiri 70. Ba mu da ma'auni a gida, amma muna da ido. Romo ya tafasa sosai yana ɓararraka, tsakiyar nama kuma babu ja, tururi yana fita daga cikinsa.

Mu lura da abubuwa biyu da sukan ruɗe mu.

Na ɗaya, hanci ba alƙali ba ne. Nama yana iya ɗauke da cuta, bai yi wari ba, bai canza launi ba. Wanda ya yi wari ko yauƙi, lalle a zubar. Amma rashin wari bai isa shaida ba.

Na biyu, ɗumame ba ya gyara kome da kome. Wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai waɗanda sukan bar dafi a cikin abinci, wannan dafi kuwa tafasa ba ta kashe shi. Naman da ya wuni ya kwana a buɗe, ana ta sa masa hannu, ko an sake dafa shi yana iya kawo amai.

To, me za mu yi, mu da ba mu da firij? Ba za mu iya kawar da ɗumi ba, amma za mu iya kawar da laima. Dabarar masu kilishi ke nan, ita ce kuma ta iyayenmu mata masu soya naman salla har ya bushe. Dokar ita ce: naman da ba za a cinye yau ba, a soya shi yau. Kada a jira gobe.

Ga naman da ba za a yi amfani da shi ba sam:

* mushe, ko dabbar da aka yi gaggawar yankawa don ciwo ya kusa kashe ta;
* kajin da suke mutuwa da yawa lokaci ɗaya. Mu tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihohin Kaduna da Kano a 2006;
* naman da aka kwaso daga kwanon da mutane suka riga suka ci a ciki;
* kayan ciki, kamar hanta da hanji da huhu. Su a cinye su ranar yanka.

4. YADDA ZA A SHIRYA NAMAN

Naman akuya, ko tunkiya, ko saniya, ko kaza, ko zabo, duka suna yi. Tun kafin a raba abinci, uwargida ta ware kason gobe da ludayi mai tsabta, ta sa a kwano mai murfi. Sa'an nan ta bi waɗannan matakai a ranar.

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke turmi da taɓarya da wuƙa. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa dafaffe sai an wanke ta.
2. A cire ƙashi da kitse. A mai da tsokar tukunya da ruwa kaɗan, da albasa, da citta, da tafarnuwa, da gishiri. A bar ta ta dahu har ta yi laushi, ruwan ya tsotse.
3. A daka ta a turmi tun da zafinta, har ta warware ta zama zare-zare.
4. A sa man gyaɗa kaɗan a kasko, a zuba naman, a yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi. Kada a yi gaggawa. In tururi ya daina tashi, naman ya yi ja, yana warwatsuwa a cokali, to ya yi.
5. A baza shi a tire, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda, har ya huce sarai. In an rufe shi a mazubi da zafinsa zai yi gumi, laima ta dawo.
6. A zuba a busasshen mazubi mai murfi, a ajiye a inuwa. Duk mai ɗiba ya sa busasshen cokali, ba hannu ba.

Wannan shi ne dambun nama da muka sani. In ya bushe da kyau yakan daɗe bai lalace ba, musamman da hunturu. Amma a riƙa dubawa kullum. In an ga fumfuna, ko ya yi danshi, ko warin mai ya canza, a zubar.

Ƙashin kuma ba abin yarwa ba ne. A tafasa shi a daren nan a yi romo. Da safe a sake tafasa shi sosai, a yi miyar taushe da shi, a cinye a ranar.

5. ƘULLU DA TUYA

Za mu auna da gwangwanin madara ƙarami, domin kowane gida yana da shi. Wannan awo zai ba da waina kamar 40 zuwa 50, bisa ga girman gurbin tanda.

* shinkafar tuwo, gwangwani 8
* yis, ƙaramin cokali 2
* sukari, babban cokali 4
* gishiri, ƙaramin cokali 1
* albasa 1
* ruwan kanwa kaɗan
* man gyaɗa na tuya

Waɗanda suke noman shinkafa a fadama, ko a kusa da madatsar ruwa ta Watari a Ɓagwai, sun sami sauƙi. Wanda shinkafa ta yi masa tsada ya raba awon biyu, rabi shinkafa, rabi surfaffiyar masara ko gero. Wainar gero ta fi duhu, ta fi nauyi, amma ta fi riƙe ciki.

1. Da yamma a wanke gwangwani 7, a jiƙa su kamar awa 6, ko su kwana.
2. Gwangwani 1 da ya rage a dafa shi ya yi laushi kamar za a tuƙa tuwo, a bar shi ya huce. Shi ne yake sa waina ta yi taushi. Sabuwar dahuwa za a yi. Kada a sa tsohuwar shinkafa da ta kwana a buɗe, domin ita ma tana iya ɗaukar dafi irin wanda muka faɗa.
3. A tsame jiƙaƙƙiyar, a haɗa da dafaffiyar da albasa, a kai markaɗe. A tafi da ruwa mai tsabta daga gida, a kuma ce mai inji ya ɗauraye injinsa. Kada ƙullu ya yi ruwa. Kaurinsa ya zama kamar na koko mai kauri.
4. A dama yis da ruwan ɗumi da sukari cokali 1, a zuba a ƙullun, a juya, a rufe. A zaɓi babban mazubi, domin ƙullu zai kusa ninka kansa.
5. A ajiye wuri mai ɗumi. Da bazara awa 3 zuwa 4 sun isa. Da hunturu a sa shi a rana ko kusa da murhu, zai kuma ɗauki lokaci fiye da haka.
6. In ya tashi, a zuba sauran sukari da gishiri, a buga shi sosai da ludayi. A ɗanɗana. In tsami ya yi yawa, a ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Kanwa in ta yi yawa, waina takan yi rawaya, ta yi bauri.

Me ya sa ƙullu yake tashi? Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari yana fitar da iska. Iskar nan ce take kumbura ƙullu, ita ce kuma take barin ramukan da muke gani a cikin waina. Ruwa mai zafi ƙwarai yana kashe yis, sanyi kuwa yana sa shi barci. Dalilin ruwan ɗumi ke nan.

Wajen tuya, a bar tanda ta yi zafi tukuna. A sa mai kaɗan a kowane gurbi, a zuba ƙullu, kada ya cika gurbin. In gefe ya yi ja, sama ya soma hudowa da ramuka, a juya da cokali ko tsinke. Garwashi ko ƙananan itace sun fi kara, domin wutar kara takan ƙone baya ta bar ciki ɗanye. Sabuwar tanda ta ƙasa a shafe ta da mai a gasa ta sau biyu ko uku kafin ranar aiki, in ba haka ba waina za ta manne.

6. HAƊA ZAƘI DA GISHIRI

Yanzu sai abin sawa a ciki. A soya albasa 2 da tattasai 2 da attaruhu kaɗan a mai cokali 2. A zuba dambun nama gwangwani 2, da dafaffen wake gwangwani 1 wanda aka ɗan murƙushe. Mai zogale ya dafa ganyen ya ƙara. A yayyafa ruwa ko romo kaɗan, a juya a kan wuta har ko'ina ya yi zafi yana tururi. Tun da an mayar masa da laima, wannan haɗi ba na ajiya ba ne kuma. A yi daidai wanda za a cinye.

Domin zaƙi, ba sai mun nemi kayan kanti ba. A fasa mazarƙwaila guda, a sa a ƙaramar tukunya da ruwa rabin gwangwani da citta kaɗan. A dafa har ta narke ta ɗan yi kauri, a tace. Mai zuma ya sa zuma. Amma fa a kiyaye: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙi da ita ba tukuna.

Akwai hanya uku ta haɗawa.

Hanya ta fari: A tsaga waina ɗaya ta gefe da wuƙa, kada a raba ta biyu, ta zama kamar aljihu. A ɗiga mazarƙwaila ƙaramin cokali ɗaya a ciki, a cusa nama babban cokali ɗaya. Wannan ta fi dacewa da yara.

Hanya ta biyu: A ɗauki waina biyu. A shafa wa ɗaya zaƙi, a ɗora nama da yankan tumatir da albasa ko kabeji, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a rufe da ɗayar, a danna. Wannan ta mai zuwa gona ce. Ɗanyen ganye da tumatir a wanke su da ruwa mai tsabta.

Hanya ta uku: Tun a tanda, a zuba rabin ƙullu, a sa nama a tsakiya, a rufe da sauran ƙullu, a rage wuta domin ciki ya gasu. Ta fi wuya, amma nama ba ya zubewa, ta kuma fi zafi lokacin ci.

Kada zaƙi ya danne gishiri. Kaɗan ake so, yadda zai taushe zafin yaji, ya fito da ɗanɗanon nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba yake sha a rana kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, har da na shayi da kunu. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya. Tun da dambu yana da gishirinsa, ba sai an ƙara dunƙule da yawa ba. Mai ciwon sukari ya ci tasa ba tare da mazarƙwaila ba, kada kuma ya yawaita.

7. RABO DA SAYARWA

Mu koma kan lissafi. Gwangwani ɗaya yana ɗaukar kamar babban cokali 10. Nama gwangwani 2 da wake gwangwani 1 sun ba mu cokali 30, ban da albasa. Waina mai ciki 30 ke nan ta hanya ta fari. A gida mai mutum 10, kowa ya sami uku. In da yanka-yanka aka raba wannan nama, da mutum uku ko huɗu sun cinye shi. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Duk da haka, wajen rabon nama a gida mai yara da yawa, cokali ya fi ido adalci.

Muna roƙon magidanta su goyi bayan matansu a kan wannan. In uwargida ta ce, "Maigida, zan ware cinya ɗaya domin yara," kada a ce ta rage wa baƙi. A fara zuba wa ƙanana da masu ciki da masu shayarwa. Yaron da ya wuce wata 6, wanda ya soma cin abinci, a daka masa naman ya yi laushi ƙwarai, a jiƙa wainar da romo marar yaji.

Waina mai ciki da zafinta ake cin ta. Wadda za a kai gona ko makaranta a ci ta cikin awa 2. In tafiyar mai nisa ce, a ƙunshe busasshen dambu dabam, waina dabam, a haɗa lokacin ci.

Matan ƙungiya da suke so su mai da wannan sana'a ranar kasuwa, su kiyaye abu huɗu. Su toya a gaban mai saye. Su bar haɗin nama a gefen wuta, a rufe. Mai karɓar kuɗi dabam, mai taɓa abinci dabam. Abin da ya rage da yamma kuma ba za a sayar da shi gobe ba. Kafin a sa farashi, a rubuta kuɗin shinkafa, da markaɗe, da mai, da itace, da nama ko da na gida ne, a raba da yawan wainar da ta fito. Wanda bai sa kuɗin itace da na wahalarsa a lissafi ba, yana iya cin uwar kuɗi yana zato riba ce.

In duk da kiyayewa wani ya kamu da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Na ƙunshi da ake samu a ɗakin magani ya fi. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In akwai jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A bikin da ya wuce, me aka yi da sauran nama a gidanku? Kwana nawa ya yi?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ƙwayoyin cuta suke so? Wanne ne a cikinsu za mu iya hana su?
3. Me ya sa ɗumame kaɗai bai isa ba?
4. Wa yake fara samun nama a gidanku, wa kuma yake samu daga ƙarshe? Ya kamata a canza?
5. Wane hatsi ne ya fi araha a kasuwarku yanzu, wanda za a iya haɗawa da shinkafa?

AIKIN DA ZA A YI KAFIN TARO MAI ZUWA

Kowace ƙungiya ta zaɓi mata biyu su gwada wainar shinkafa zalla, biyu kuma su gwada wadda aka haɗa da gero ko masara. Magatakarda ya rubuta abin da aka kashe, da yawan wainar da ta fito, da yawan mutanen da suka ci. Maza su ɗauki nauyin itace da kai markaɗe. A kawo sakamakon a taron wata mai zuwa, domin kafin biki na gaba kowane gida ya san awon da ya dace da shi, ya kuma tanadi mai da gishiri da busasshen mazubi tun kafin ranar yanka.